Farar Ƙwayar Kawu

Har gobe in na hangi Kawu da farantin magani a kasuwar Korgom sai na sauya hanya. Ƙanen innarmu ne, amma ba na gaishe shi, kowa ya ce abin da zai ce.

Yayana kabu-kabu yake yi, da moto ɗin nan, wato babur, yake ci da gidanmu duka. Duk kaka, da an fara sussuka ƙaiƙayin hatsi ya tashi, shi kenan ya shiga uku: atishawa, ido jawur, jiki ruɗu-ruɗu. Wata shekara na raka shi asibiti a Tessaoua. Likita ya ce maganin ƙaiƙayi gida biyu ne. Tsohon gida, irin su klorfeniramin, yana hawa har ƙwaƙwalwa ya kawo barci. Sabon, irin su loratadin, da wuya ya sa mutum gyangyaɗi. Ya ce mai tuƙi ya tsaya ga sabon. Ina zaune a wurin, da kunnena na ji.

Da maganin ya ƙare, ranar kasuwa ce, ga shi zai kai buhun wake Tessaoua. Ya aike ni wurin Kawu in sayo masa. Mu kuwa a ƙauye da launi muke sayen magani, ba da suna ba. Ko kwalin wanda ya ƙare ban ɗauka ba.

Na ce, "Kawu, farar nan ƙarama ta ƙaiƙayi, wadda ba ta sa barci."

Ya tona faranti ya ce, "Ke 'yar nan, fara ai fara ce. Ya haɗiye biyu, ta fi saurin aiki."

Mutumin da ko sunansa bai iya karantawa! Wai shi ne likitan gari.

Yaya ya sha, ya ɗaure buhu ya tafi. Bai yi rabin hanya ba barci ya kwashe shi bisa moto, ya daki kututturen gawo. Ƙafar dama ta karye wuri biyu. A amalanke aka dawo mana da shi, wake ya watse cikin rairayi.

Kwana uku sai ga Kawu ya zo dubiya, ba kunya ba tsoron Allah, da ƙullin jajayen ƙwayoyi, wai na ciwon ƙashi. Na fizge na watsa a murhu. Inna ta ce ba ni da ladabi. Na ce ƙwarai kuwa, ba ni da shi.

Yaya bai sake hawa moto ba. Yanzu da sanda yake zuwa masallaci, ya ce ƙaddara ce, ya yafe wa Kawu. Ni ban yafe ba. Kuma bai taɓa tambayata me ya sa ban duba sunan maganin ba, alhali a gidan nan ni kaɗai na yi lakwal na iya karatun boko, ni ce kuma na miƙa masa ruwan da ya haɗiye ƙwayoyin da shi.