Mai Rusuna wa Waya

Ga shi a kujerar aski, dattijon nan mai sharhin siyasa a jarida. Furfura fes, tabarau a hannu, yana yi wa mai aski tsawa: "Kai, a hankali mana!"

Wayarsa na yin ƙara, sai ya miƙe zumbur da ƙyalle a wuya, ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, Minista! Ai na rubuta, wutar lantarki ta gyaru. Masu ƙorafi 'yan hassada ne."

Yana faɗa yana toshe ɗaya kunnen saboda rurin janareta.

Ina zaune ina jiran layin aski, raina ya ɓaci. Wai wannan ne mahaifina yake sa ni in karanto masa, don ba ya tsoron kowa! Ministan ma ba ya ganinsa, amma har aka kashe wayar bai ɗago ba.