Rabin Farantin Holmat

Idan aka busa kakaki da sassafe a unguwarmu ta bayan tashar jirgin ƙasa a Kokand, kowa ya san wani gida ya dafa osh, wato dafa-dukan shinkafar biki. Maza su fito daga sallar asuba, su bi ƙamshin shinkafa da karas da kitsen rago, su zauna biyu-biyu, domin osh ɗin safe ba a zuba wa mutum ɗaya. Faranti ɗaya, mutum biyu, kowa ya ci ta gabansa har su haɗu a tsakiya. Ergash yakan riga kowa jin kakakin nan, don tagarsa a hawa na huɗu take, kuma shekara tara ke nan ba shi da wani aiki da ya wuce sauraro.

Da can direban motar haya ne, yana jigilar fasinja tsakanin Kokand da Tashkent ta kan duwatsu. Dogo ne siriri, shi ya sa abokinsa Holmat yake ce masa Tsinke, shi kuma ya rama da Mai Tumbi. Layi ɗaya suke bi a tashar mota, kuma shekara ashirin ba a taɓa yin osh a unguwar ba tare da an gan su a kan faranti ɗaya ba. Ladabin cin osh shi ne ka tura wa abokinka tsokar nama gefensa, shi ma ya turo maka. To, su biyun nan sun mai da ladabin dambe.

"Ci mana, Tsinke, kada iska ta ɗauke ka a kan dutse."

"Kai dai ci, Mai Tumbi. Motarka ta saba da lodi, kada ta yi kewa."

Haka naman zai yi ta kai da kawo har ya huce, daga ƙarshe Holmat ya yi ajiyar zuciya kamar an zalunce shi, ya cinye.

Wata ranar hunturu da hantsi, wata babbar mota ta zame a kan ƙanƙara a gangaren dutse, ta haɗa motar Ergash da bango. Fasinjojinsa suka fita da ƙafafunsu, shi kuwa sai da aka yanka ƙarfe aka zaro shi. Likitoci suka ce lakar bayansa ta tsinke. Daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin zafi, ba ya jin sanyi, ko allura aka soka masa sai dai ya gani da ido. Aka dawo da shi gida a kan keken guragu, maza huɗu suka hau da shi matakala sittin da huɗu, suka ajiye shi gaban taga. Benen irin tsofaffin nan ne da ba su da na'urar hawa. Wanda ya gina shi bai taɓa tunanin ƙafa tana iya ƙin mai ita ba.

Kada a ce mutanen unguwarmu ba su da kirki, wallahi suna da shi, har ya yi yawa. A watannin farko ɗakin Ergash ba ya rabuwa da baƙi, gurasa da inabi har suka rasa wurin ajiya. Sai dai ziyara ma gajiya take yi. Masu zuwa kullum suka koma Juma'a-Juma'a, na Juma'a suka koma sallah-sallah. 'Yarsa ta yi aure a Namangan, ɗansa ya tafi aikin gini Rasha, sai murya a waya. Matarsa Sanobar ta kama aiki a gidan ɗinki. Kafin ta fita takan wanke shi, ta duba bayansa ko fata ta fara salewa, ta ɗora shi a keke, ta ajiye masa butar koren shayi inda hannunsa zai kai. Daga nan sai shi da taga har la'asar. Ya san kowace mota a layin da kukan injinta, yakan kuma faɗa wa ɗakin da ba kowa cewa birkin wane ya kusa cinyewa.

Abu ɗaya ne ba a taɓa mantawa da shi ba: duk gidan da aka yi osh, sai an aiko masa da nasa a rufe. Faranti cike, na mutum biyu, shi kaɗai. Sanobar kuwa likita ya hana ta shinkafa da maiƙo saboda ciwon suga. Sai Ergash ya buɗe farantin ya zuba masa ido. Bai taɓa gaya wa kowa ba, amma wannan aike ya fi komai ƙona masa rai. Ba yunwa yake ji ba. So yake ya ɗaga kai ya ga wani hannu yana ci daga ɗaya gefen.

A kakar bana, ranar wata Talata, ya ji ana haki a matakala, ana tsayawa a kowane hawa ana salati. Tun kafin a ƙwanƙwasa ya san waye. Wata bakwai rabonsa da Holmat.

"Tsinke! Kai kam ka huta, kana nan sama kamar shirwa. Matakalar nan taka sai ta kashe ni."

"Tumbin ne zai kashe ka, matakala ba ruwanta. Zauna ka sha shayi."

Holmat ya zauna, ya goge zufa da hularsa, ya ce ranar Asabar zai aurar da autansa, kilo tamanin na shinkafa za a dafa. "Farantin farko da za a kwashe naka ne. Da kaina zan sa a hawo maka da shi da zafinsa."

Ergash ya juya kofin shayinsa a hannu. "Kada ka aiko. Saukowa zan yi."

"Saukowa?"

"Ko ba a gayyatar guragu?"

"Haba, wace irin magana ce wannan! Ko a bayana ne sai na goya ka."

Kwana huɗun nan Ergash bai zauna lafiya ba. Ya sa aka kira wanzami ya yi masa aski. Ya sa Sanobar ta fito da farar rigarsa da hular da ya ajiye tun bikin 'yarsa. Ita kuwa hankalinta bai kwanta ba.

"Baban yara, idan masu ɗaukar ka suka sake ka a matakala fa? Kuma ka san ba ka iya dogon zama."

"Maman yara, osh ai minti ashirin ne. A ci, a shafa fatiha, a tashi."

Ba wawa ba ne, ya san mai biki ba ya zama, a ƙofa yake tsayawa da hannu a ƙirji yana tarbar mutane. Bai sa ran cin faranti da Holmat ba. Ko wa aka haɗa shi da shi ya isa, ko da kurman nan mai gyaran takalmi a layinmu ne. Har ya tanadi abin da zai ce idan ya tura naman.

Ranar Asabar gari na wayewa maƙwabta huɗu suka ɗauko shi da kekensa, suna ta "a hankali, a hankali" har ƙasa. Iskar layi ta buge shi, ƙamshin hayaƙin itace ya cika masa hanci, sai da idonsa ya kawo ruwa. A ƙofar gidan biki masu kakaki da algaita suna ta busa. Holmat ya rungume shi har keken ya ja baya. A tsakar gida an jera dogayen tebura da bencina, maza sun zauna kafaɗa da kafaɗa, wasu kuma sun yi layi daga bakin tukunya suna miƙa faranti hannu da hannu.

Keken bai shiga tsakanin benci da tebur ba. Da an janye benci ɗaya an gama magana, amma ina! Mai unguwa, dattijo mai son a ga ya iya tsari, ya ɗaga sandarsa.

"Ku kawo ƙaramin tebur! Can sama, ƙarƙashin rumfar inabi, wurin manyan baƙi. Kada a matse bawan Allah."

Holmat ya leƙo daga ƙofa ya ƙwala wa mai dafuwa kira: "A cika masa faranti shi kaɗai! A zaɓo masa tsoka mai kyau. Shekara tara bai ci na wurin biki ba, yau kada wanda ya sa masa hannu!"

Mutane suka yi ta gyaɗa kai, ana cewa ka ga abota. Aka ajiye farantin gaban Ergash, shinkafa ta yi tozo, nama a sama, har da ƙwan salwa. Ergash ya dubi farantin. Yaya mutum zai ce a rage masa girma? Duk wanda ya wuce sai ya dafa ƙirji ya rusuna: "Yaya Ergash, barka da fitowa. Ci, ci, kada ka ji nauyi." Babu wanda ya ja kujera. A teburin da ke kusa, wasu direbobi biyu suna ta tura wa juna nama suna dariya, yana jin su sarai.

Ya yi bismillah ya fara ci ta gabansa. Hannu bai manta ba. Ya ci a hankali har ya kai tsakiya, ya tsaya, gefen ya miƙe kamar an yanka da wuƙa. Sannan ya sa cokali ya tura babbar tsokar zuwa ɗaya gefen, ya ajiye cokalin.

Liman ya ɗaga hannu, aka shafa, bencina suka yi ƙara, maza suka miƙe don a ba wasu wuri. Holmat ya samu sarari ya iso da sauri yana share wuya.

"Af! Tsinke, rabi ka ci? Bai yi daɗi ba ne?"

"Ya yi daɗi." Ergash ya nuna farantin da haɓa. "Wancan gefen naka ne, Mai Tumbi. Motarka ta saba da lodi."

Holmat ya ƙyalƙyale da dariya har tumbinsa na rawa. "Ka ji shi, har yanzu bakin na nan! Ni da nake da tukunya guda? Ci abinka, mutumina, duk naka ne." Ya juya ya ɗaga murya: "A rufe masa wannan, a hau masa da shi gida!" Daga ƙofa aka ce surukai sun iso, ya dafa kafaɗar Ergash ya tafi.

Aka ɗaure farantin a ƙyalle aka ɗora masa a cinya. Maƙwabtan nan huɗu suka tura shi har gindin bene, suka naɗe hannun riga, suka ɗaga. A hawa na biyu suka tsaya shan iska, ɗaya daga cikinsu ya taɓa ƙullin ya janye hannu.

"Yaya Ergash, farantin nan da zafi fa. Bai ƙona ka ba?"

"Ban ji ba," in ji Ergash. Ya ƙara riƙe shi da hannu biyu don kada naman ya gangaro gefensa, suka ci gaba da hawa.