Sunanka a Jikin Sandar, Malam Khalilu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Litinin, tara ga Sha'aban 1445, wato 19 ga Fabrairun 2024, ana kiran la'asar a masallatan unguwar Hayyin Ashir, Allah ya karɓi ran Malam Khalilu Hassumi, mutumin Damagaram, wanda ya kafa ƙungiyar besbol ta Zakunan Ashir a nan Alƙahira. Ciwon ƙoda ne ya kwantar da shi tun shigowar sanyi. Washegari muka raka shi makwancinsa.

Malam Khalilu, na so in rubuta maka ta'aziyya mai sanyi irin halinka, amma na kasa. Tun ranar addu'ar uku raina yake a ɓace, abinci ma ba ya yi mini daɗi. Gara in gaya maka dalili, ko da yake na san da kana raye cewa za ka yi in bar maganar.

Karatu ya kawo ka garin nan kamar kowannenmu, neman na tuwo ya kai ka tuƙin mota a gidan wasu baƙi 'yan ƙasar waje a unguwar Zamalek. A can ka ga wannan wasa na jifa da duka da sanda, ya shiga ranka. Da mutanen gidan za su koma ƙasarsu suka bar maka buhu guda na sanduna da ƙwallaye da safar hannu ta fata, ka ciccibo shi har Ashir. Ba irin dariyar da ba mu yi maka ba. Amma ka bi mu ɗaki ɗaki, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da Sudanawa, har ka tara mu a wani kangon fili bayan tashar mota. Kai ka tsince kwalaben da ke wurin da hannunka. Mai gadin filin ya kore mu ya fi a ƙirga, kai kuwa kullum sai ka koma masa da shayi da fara'a, har ya zama shi ke ajiye mana kaya.

Kowa a cikinmu so yake ya riƙe sanda ya yi duka a tafa masa. Ba mai son tsuguno a bayan mai duka yana cafe ƙwallon da aka jefo, domin nan ne wurin shan wuya, sai kai ka ɗauka. Ni ne mai jifa, don haka na fi kowa sanin abin da ka sha. Ƙwallona ya sha samun ka a ƙirji da gwiwa, yatsunka biyu na dama sun karkace har ba ka iya riƙe alƙalami daidai. A ƙarshe gwiwoyin suka ƙi, ka koma yin salla a kan kujera kana da sauran ƙuruciyarka.

Na tuna ranar da Kamilu, kyaftin ɗin ƙungiyar na yanzu, ya fara zuwa filin, sabon zuwa daga gida. Ya kai duka ya kuskure, sandar ta juyo ta same ka a baki, haƙori ya fita. Ka tofar da jinin, ka dafa kafaɗarsa ka ce, “Ma'alish, ba komai ƙanena. Yalla, taso ka sake gwadawa.” A ɗakinka ya kwana wata da watanni kafin ya sami wurin zama.

Akwai al'adar da muka ɗora wa kanmu. Kowace shekara bayan Babbar Salla mukan zauna mu tantance gwanaye biyar da suka fi kowa a tarihin ƙungiyar, a ƙona sunayensu da jan ƙusa a jikin tsohuwar sandarmu ta farko. Sunaye biyar kaɗai take ɗauka, don haka in sabo zai shiga, dole a kankare wani. Shekarar da ka daina wasa muka sa naka a na biyar, kana ta roƙon a bari. Tun daga nan ba wanda ya taɓa ɗaga maganarsa, sandar ma a gidanka take zaune.

To, ranar addu'ar uku muna zaune a falonka, ga dabino ga shayi, Hajiya Hanifa matarka tana takaba a bayan labule. Ko shafa fatiha ba mu gama ba sai hira ta juya zuwa gwanaye. Wannan ya ce wane ya fi wane, wancan ya zaro waya yana nuna hoton bidiyo, murya ta fara tashi kamar a teburin mai shayi. Can sai Kamilu ya gyara zama ya ce, “Allah ya ji ƙan Malam, amma a faɗi gaskiya, bai taɓa buga ƙwallo ya tsallake katanga ba ko sau ɗaya. Kunyarsa muke ji yana raye. Yanzu khalas, shi ke nan, gurbi ya samu, gwanin dukanmu Harun ya cancanta.”

Na zaci za a yi masa tsawa. Wallahi sai na ga ana gyaɗa kai. Har wani ya ce a ɗaga hannu a ƙirga, hannuwa suka tashi, wasu da ƙwallon dabino a ciki. Mutanen da ka koya wa yadda ake riƙe sanda ke nan, a kan tabarmarka, ƙasar kabarinka ba ta bushe ba. Su abin da suka sani shi ne duka, saboda shi ake tafa wa. Tsugunon da ya cinye maka gwiwa ba shi da lissafi a wurinsu. Ban taɓa jin ƙyamar zama cikin mutane irin ta ranar ba.

Muna cikin haka sai muka ga labule ya motsa. Hajiya Hanifa ta turo sandar ta ƙarƙashinsa, ta biyo ta da wuƙar yanka albasa. Muryarta ko rawa ba ta yi, ta ce, “Ga ta nan, ga wuƙa. Wanda zai kankare ya kankare a nan, ina ji.”

Hannuwan da aka ɗaga suka sauka. Na ce a raina alhamdu lillahi, kunya ta zo. Kamilu ya ɗauki sandar, ya jujjuya ta, ya shafa sunanka da babban yatsa. Sannan ya dubi labulen ya ce, “Hajiya, ko akwai samfefa a gidan? Wuƙa za ta ɓata katakon.”

Na fizge sandar daga hannunsa na mayar ta ƙarƙashin labule, aka ja ta ciki. Na tashi na fita, domin in na buɗe baki abin da zai fito bai dace da gidan makoki ba. Daga baya Hajiya ta aiko mini cewa in ta fita takaba za ta koma Damagaram da yaranta, sandar kuma tana cikin kayanta. Na ce ta yi daidai. 'Yan ƙungiyar su nemi wata sandar su rubuta abin da suka ga dama, amma ban da sunana, kuma ƙafata ta bar wannan fili.

Ya Allah ka gafarta wa bawanka Khalilu, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara, ka tashe shi da gwiwoyi lafiyayyu ya tsaya a gabanka cikin aminci, ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Hanifa, da 'ya'yansa Azara da Nana Fatima, da mahaifiyarsa Inna da dukan dangi a Damagaram. Allah ya ba ku haƙuri, ya raya abin da ya bari, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen. Su kuwa Zakunan Ashir ban yi musu ta'aziyya ba, domin ban ga alamar sun yi rashi ba.