Tafin Hannun Norwood

Shekara arba'in da ɗaya Norwood yana ɗaure babban ƙyallen iska a jirgin ruwan gidansu na kamun kawa, wani irin dodon-koɗi na teku, a tsibirin Deal na Amurka. Ƙanensa Thelbert ne kyaftin, amma ko shi bai isa ya taɓa igiyar ƙyallen nan ba. Norwood ba ya auna ɗauri da ido. Yakan ja igiya, ya ɗora tafinsa a gefen ƙyallen, ya ji ko ya isa. Auduga tana tsukewa in ta jiƙe, don haka da ya ji ƙamshin hadari sai ya sassauta. Ga taurin kai, ga raina ɗaurin kowa, amma an yarda ya iya.

Bana hannun ya fara mutuwa. Wata safiya ya sauke butar kofi daga wuta, sai da ya ga fata ta tashi ya san ya ƙone. Tsoro ya kama shi ƙwarai. Ya cusa hannun a safar hannu, ya yi gum, don ya san ba a ajiye mutum a jirgi saboda zumunci kawai.

Ana haka sai ga sabon ƙyalle. Sabo kuwa lallaɓa shi ake yi, a bar iska ta miƙar da shi a hankali, kwana da kwanaki. Norwood ya ja, ya dafa, bai ji komai ba. Ya ƙara ja. Thelbert ya leƙo daga wurin tuƙi ya tsokane shi, wai ko ganga yake ɗaurewa. Norwood ya ce ya ji da tuƙinsa.

Da rana tsaka aka yi yayyafi. Ƙyallen ya tsuke, ɗinkin ƙasa ya ɓarke har tsakiya. Suka lallaɓo gida, sauran jirage na can suna kwasar kawa.

A bakin gaɓa Thelbert bai yi faɗa ba. Ya kama hannun yayansa, ya zare safar, ya ga ƙunar. Kunya ta sa Norwood ya kau da kai, ya tsura wa yagaggen ƙyallen ido.

"Yaya, tun yaushe?" in ji Thelbert.

"Tun yaushe me? 'Yar ƙuna ce, malam, ka cika surutu."

Thelbert bai saki hannun ba. Da Norwood ya waiwayo, sai ya ga babban yatsan ƙanensa a nutse cikin ƙunar, yana dannawa da ƙarfi tun ɗazu.