Kwalabe biyar na Malam Haruna

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Malam Haruna, abokina tun muna yara a Damagaram. Ni daga aji shida na shiga kasuwa, har Allah ya ba ni ɗan kanti a unguwar Guillotière, cikin birnin Lyon. Shi kuwa ya yi karatu mai zurfi, ya zama ma'aikaci a ofishin yawon buɗe ido na ƙasarmu. Duk sa'ad da aiki ya kawo shi Faransa, gidana ne masaukinsa.

Zancensa kullum ɗaya ne: wani ruwan zafi da ke ɓuɓɓugowa cikin duwatsun arewa, inda masu ciwon gaɓoɓi ke zuwa wanka tun kaka da kakanni. Ya taɓa ja na zuwa wani gari kusa da Lyon inda hukuma ke kula da irin wannan ruwa. Ga ɗakunan wanka, ga likita, ga tsofaffin Turawa na yawo da fararen tawul. Ya ce duk baƙon da ya kwana, garin na samun haraji. "Alhaji, namu ya fi wannan, amma ko rumfa babu." Na ce ya bari mu fara samun na sha tukuna. Ya yi dariya ya kira ni ɗan kasuwar da bai san kasuwa ba.

Manyansa sun ce ba za su sa hannu a gyaran wurin ba sai masu gwaji sun ba da takardar abin da ke cikin ruwan. Ya je da kansa ya ɗebo kwalabe biyar, ya hawo jirgi da su. Ya sa su a firijin kantina, ya wuce Paris baje kolin yawon buɗe ido, inda zai yi mako yana raba wa Turawa hotunan raƙuman dawa da tudun rairayi. In ya dawo zai kai su gwaji.

Bakina ne ya ja mini. Ranar Juma'a bayan salla na yi zancen ruwan. Kafin la'asar sai ga Baba Mamman, dattijon da aikin masana'anta a Saint-Fons ya cinye wa gwiwoyi. Ya ce, "Ruwan gida ya zo, ka kulle a firiji kamar nono? Yaushe ka zama Bature?" A wurinmu abin da ya zo daga gida tsaraba ne, ba a hana dattijo. Na buɗe ɗaya. Da aka ji, wannan ya zo don matarsa, wancan don bayansa. Ranar Lahadi babu ko ɗigo. Kunya ta kama ni, na cika kwalaben da ruwan pampo, na rufe.

Haruna ya dawo, ya kai su gwaji. Takarda ta fito: ruwa ne kamar kowane ruwa. Aka jingine maganar. Haruna ya gaya mini ta waya, na ce masa sai haƙuri. Daga baya hanyar arewa ta lalace, baƙi suka ɗauke ƙafa, shi kuma ciwo ya kwantar da shi.

Yau yara na nuna mini hoton wurin a wayoyinsu, mutane na wanka a fili kamar dā. Nakan tambayi kaina me zai ce. Ina jin ba zai zagi kowa ba. Zai nemi kwalba ne.

Watan jiya na kira matarsa, Hajiya Rabi. Bayan gaisuwa na faɗa mata komai. Ta ce, "Alhaji, ai ya sani. Takardar ta nuna maganin da ake zuba wa ruwan pampo. Na ce ya tambaye ka, ya ƙi. Ya ce ruwa zai sake ɗebowa in hanya ta yi kyau, amma in ya kunyata ka, ba ka sake buɗe masa ƙofa da fuskar da ya sani."

Shekara uku bayan takardar nan yana sauka gidana, muna cin tuwo kwano ɗaya. Ban ga canji a idonsa ba ko sau ɗaya. Ba a gina komai da sunansa ba, kuma da hannuna a ciki. Abin da ya bari shi ne wannan rufin asiri, ni kuma yau na buɗe shi da kaina, don a san irin mutumin da aka rasa. Allah ya jiƙan Haruna. Ni ma ku roƙa mini gafara.