Baba Tamau, Mai Haɗa Babura

Shekara ashirin da bakwai, ƙarfe bakwai na safe ba ta taɓa yi Baba Tamau bai shiga sito ba. Kafin a ɗaga ƙofar shagon gaba, inda sababbin babura ke sheƙi, ya riga ya shimfiɗa tsohon buhunsa can baya, ya jera sifanoninsa daga ƙarama zuwa babba. Babur ba a tsaye yake zuwa mana ba. A akwati yake zuwa, taya daban, kai daban, notuna a leda. Aikin Baba shi ne ya mayar da wannan tarkace abin da mutum zai hau ya koma gida lafiya.

Abokan aikinsa da inji suke ɗaure noti, kowanne ya haɗa goma a wuni. Baba huɗu yake haɗawa, da hannu. In ya gama sai ya ɗora buhun yashi a baya, ya bi layin bayan sito mai ramuka, ya taka birki, ya dawo ya sake bin kowane noti. Nan sunan ya samo asali: abin da ya ɗaure ya ɗauru tamau.

Ni ne akawun shagon, kuma ni nake rubuta takardun talla. Abin da zan faɗa a gaban idona ya faru.

Akwai ranar da wani malamin makaranta ya zo ya nace sai babur mai babban inji, mafi tsada a shagon. Baba ya tambaye shi ina da ina yake zuwa. Ya ce makaranta, gida, wani lokacin ya kai uwar 'ya'yansa kasuwa.

"To Malam, wannan na masu tsere ne," in ji Baba. "Mai zai riƙa sha kamar kun haƙa rijiyarsa a tsakar gida. Ɗauki wancan ƙaramin, ragowar ka yi wa yara hidima."

Tsohon maigidanmu yana ji. Ya yi dariya ya ce, "Baba, kai kaɗai ne ma'aikacin da nake biya don ya rage mini ciniki." Amma bai hana shi ba, domin kafin shekara ta zagayo malamin nan ya kawo mana abokan aikinsa shida.

Kai ne, Baba, wanda mai saye ke zagayowa ta ƙofar baya ya tambaya kafin ya biya. Kai ne wanda ba ka taɓa kiran babur "mai kyau" ba sai ka hau shi.

Bara ciwo ya kwantar da tsohon maigida, ɗansa ya karɓi shagon, muna ce masa Manaja. Shi ya kawo samfur uku na baburan da za su shigo bana. Gaskiya idona ya rufe da na gan su. Gilashi a gaban direba yana nuna gudu da ragowar mai, wurin cajin waya, fitila fara tas, maɓallin tayarwa daga nesa, har da wurin jin kiɗa. Ba ya shan mai, kuma farashinsa bai kai na tsohon yayi ba. Manaja ya ce in shirya talla. Na tafi wurin Baba neman kalma ɗaya mai daɗi da zan sa.

"Akawu, tsuguna," ya ce.

Ya cire kujerar ɗaya daga cikinsu, ya kama yatsana ya ɗora a kan ƙarfen da ke ɗauke da nauyin fasinja. Siriri ne, waldar kuma ɗigo-ɗigo, an rufe ta da fenti.

"Kuɗin da suka sa a fitila daga nan suka cire shi. Kyan ɗan maciji ke nan."

Kwana tara yana zagaya layin ramuka da buhun yashi biyu. A rana ta tara waldar ta tsage. Ya tura babur ɗin har ƙofar ofishin Manaja.

"Kamfani ya gwada kayansa," in ji Manaja, ko tashi bai yi ba. "Baba, kai injiniya ne?"

"A'a, ranka ya daɗe. Amma na san abin da mai haya ke ɗauka. Mace da goyo da buhu."

"An rubuta iyakar nauyi a littafinsa."

"Wa ya taɓa karanta littafin? Ka bar ni in ƙara wa kowanne ƙarfe. Awa biyu ce kawai."

"In ka taɓa shi da walda, kamfani ya zare hannunsa. Ɗari uku na yi oda. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa."

Wanda ya tsage aka ajiye. Sauran biyun Manaja ya sa a sayar da rahusa. Wani mai haya da ake kira Gajere, uban 'ya'ya huɗu, ya zo da kuɗin da ya tara shekara biyu. Baba ya ja shi gefe ya faɗa masa gaskiya. Gajere ya kalli farashin, ya kalli babur ɗin tsohon yayi da kuɗinsa bai kai ba, ya ce, "Baba, fasinja yanzu babur mai cajin waya suke tsayarwa. Allah zai tsare." Ya biya. Wani ya kai wa Manaja labari, washegari aka ce Baba ya tsufa, lokacin hutunsa ya yi. Babu taro, babu jawabi. Ya nannaɗe sifanoninsa a buhu ya fita ta ƙofar da ya saba shigowa.

Ni kuwa na rubuta tallar. Na ce babur ne da kwalliyarsa ta biya kuɗin sabulu. Na san abin da yatsana ya taɓa, amma ina da iyali, na zaɓi albashina. Ba na neman kowa ya wanke ni.

Wata huɗu bayan haka, babur ɗin Gajere ya rabe a gangaren gada, yana ɗauke da wata mata da ke dawowa daga kasuwa. Matar ta karye a ƙugu. Shi an yanke masa ƙafar hagu daga gwiwa. Manaja ya ce lodi ne ya yi yawa.

Daga shagonmu mutum ɗaya ne ya je asibiti, wanda aka kora. Babbar 'yar Baba ta ba ni labari. Ta ce ya zauna a gefen gadon Gajere ya kasa ɗaga kai. Gajere ya ce, "Baba, ai ka faɗa mini." Shi kuwa ya ce, "Na faɗa. Amma ni na haɗa shi. Da na ƙi ɗaure shi tun farko." Ta ce tun ranar abinci sai an yi da gaske yake ci.

Dubi yadda duniya take raba kaya. Wanda ya yi oda barcinsa yake yi. Wanda ya rubuta ƙarya yana kan kujerarsa. Wanda ya faɗi gaskiya shi ke ɗauke da laifin.

Wata mai zuwa ɗari ukun za su iso, kuma waɗanda suka ba da sunayensu sun fi baburan yawa. Baba yanzu yana zama a kan benci a tsallaken titi, yana cewa duk wanda ya saya ya kawo ya ƙara masa ƙarfe, ba sai ya biya aikin hannu ba. Na ji wasu suna masa dariya, wai baƙin cikin kora ne.

Baba, na gode. Na gode a madadin duk wanda ya hau haɗinka shekara ashirin da bakwai ya isa gida bai san sunanka ba. Ba ka ci nasara ba, ba zan yi maka ƙaryar cewa ka ci ba. Amma hannunka bai taɓa cin amanar kowa ba, ko da kai ka ƙi yarda.

Ku masu haɗawa da masu sayarwa, in kun ga aibi ku faɗa kamar yadda ya faɗa, ko da za ku biya abin da ya biya. Ku masu saye, kafin fitila ta ɗauke muku ido, ku tsallaka titi ku saurari tsohon nan minti biyar. Tallata an buga ta kwafi dubu goma, tana manne a kowane bango. Wannan rubutun ban san mutum nawa zai kai wa ba. In ya kai gare ka, ka san wanda za ka yarda da shi a cikinmu, kuma ba ni ba ne.