Mutumin Da Ke Faɗuwa A Ruku'u

Laifina ne, gara in faɗa da bakina tun farko. Har yau ranar da aka shigo mini da Malam Haruna ranga-ranga ba ta bar raina ba, domin a ranar na ajiye aikin da aka koya mini na ɗauki wanda ba nawa ba.

A farkon shekarun shari'a ne, ina aiki a ƙaramin asibitin wani ƙauye kusa da Babban Mutum. Ni ba likita ba ne. Makarantar koyon aikin lafiya na yi. Aikina allura, wanke gyambo, maganin zazzaɓi, abin da ya fi ƙarfina kuma in tura babban asibiti a Daura. Amma mutanen gari Likita suke ce mini, ni kuma ban taɓa hana su ba.

Malam Haruna dillalin awaki ne, sa'an mahaifina. A sallar La'asar ya faɗi, yana cikin ruku'u. Kafin in gama wanke hannu ya farfaɗo. Na auna jininsa yana zaune, lafiya lau, jikinsa babu zafi.

"Baba, me kake ji?"

"Ɗana, in ina tsaye ƙalau nake. Da na sunkuya sai numfashi ya ɗauke, duniya ta yi duhu. Ko igiyar akuya na duƙa zan kwance, haka ne."

Maganar akuya ta bi ta bayan kunnena. Ruku'u kawai na riƙe. Lokacin ko'ina ruƙiyya ake yi, kaset ɗinta na tashi a kowane shago, ni ma ina cikin masu zafi. Na ce masa, "Baba, ciwon da ba ya tashi sai an sunkuya wa Allah ba na asibiti ba ne. A nemi malamai." Ƙa'idar aiki ita ce duk wanda ya suma ba a san dalili ba, a tura shi gaba. Ban tura shi ba. Mafi muni, da aka tambaye ni a majalisa, na maimaita abin da na faɗa masa.

Kafin kasuwa ta zagayo magana ta zama wai Malam Haruna ya ajiye aljani don ciniki, shi ne yake hana shi sallah. Mutane suka daina ba shi dabbobinsu. A sahu ana barin fili tsakaninsa da na kusa da shi. Ya sha tofi da hayaƙi har damina ta wuce, ƙafafunsa suka fara kumbura. Ƙaninsa ne ya gaji, ya ɗora shi a babur sai Daura, bai ko biyo ta wurina ba.

Daga baya likitar da ke duba shi ta aiko a kira ni. Ba ta yi faɗa ba. Ta miƙo mini abin sauraren ƙirji.

"Malam Sani, saurara yana kwance." Na saurara. "To yanzu ya tashi ya ɗan sunkuya."

Sai na ji wani ƙarin sauti, kamar an jefa dutse a rijiya.

Ta ce ta riga ta tura shi Kano an yi masa hoton zuciya, da irin na'urar da ake duba mai ciki. Tsiro ne a cikin ɗakin zuciya na hagu, yana reto kamar goruba a igiya. In ya sunkuya sai ya faɗo ya toshe ƙofar da jini ke bi. Ta ce tsiron zuciya iri biyu ne. Akwai wanda ke fitowa daga zuciyar kanta, ba kasafai ake ganinsa ba, kuma yawanci ba daji ba ne, in an cire shi an rabu. Akwai wanda ke yaɗowa daga dajin huhu ko na nono, shi ya fi yawa, sau da dama sai dai a rage wa mai shi wahala. An duba huhun Malam Haruna da cikinsa, ba a ga komai ba. Nasa mai ciruwa ne.

"Ranar farko me ya ce maka?"

"Ya ce in ya sunkuya."

"A sallah kaɗai?"

Sai na tuna da maganar igiyar akuya.

Tiyatar buɗe zuciya sai a wani babban asibiti a Kudu. Ana cikin shirin tafiya wani ɗan ɓangaren tsiron ya ɓalle, ya bi jini zuwa ƙwaƙwalwa. An yi aikin, an cire tsiron, Malam Haruna ya rayu, amma hannunsa na hagu bai ƙara ɗaguwa ba. Likita ba ta taɓa cewa da na tura shi da wuri da ya tsira da hannun ba. Ni ma ban sani ba. Abin da na sani, damina guda na ci masa.

Ku da kuke fara aikin lafiya yanzu, mutanenmu suna faɗin ciwonsu daidai, mu ne muke zaɓar abin da za mu ji. Kuma maganar mai farar riga a ƙauye ba ta tsayawa a ɗakin duba marasa lafiya.

Da ya dawo gida na je gaishe shi, na fara kame-kame. Ya ce, "Ya wuce," bai ko dube ni ba. A hanya na gane ba a zaurensa na ɓata shi ba. Ranar Juma'a bayan an sallame, na roƙi liman izini na miƙe. Malam Haruna yana gefen sahu a kan kujera.

Na ce, "Jama'a, ni na ce ciwon Malam Haruna na aljanu ne, kuma ban sani ba na faɗa. Tsiro ne a zuciyarsa, ni na ƙi tura shi asibiti. Duk wanda ya kai wa wani waccan magana, ya koma ya kai masa wannan. Baba Haruna, na cuce ka a jikinka, na cuce ka a sunanka. Don Allah ka yafe mini."